Ɗakin Kwamfuta Ana Jibi Miƙa Aikin C

Tun wajen 1972 Dennis Ritchie ya ƙirƙiro harshen C a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka, kuma har yau ɗaliban kimiyyar kwamfuta ba su gama biyan bashin ba. Duk mai son ganin halin ɗan Adam, to ya leƙa ɗakin kwamfuta na jami'a ko kwalejin fasaha ana jibi miƙa aiki.

Daga bakin ƙofa za ka jiyo Mai Rantsuwa: "Wallahi ban taɓa komai ba, jiya lafiya lau yake aiki!" Abin da ya faru bai taka kara ya karya ba. Ya manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen layi na 11, kwamfaila kuma ba ta ankara ba sai da ta shiga na 12, don haka can ta nuna. Shi kuwa ya ƙura wa layi na 12 ido, ya ga babu aibu, sai ya yanke hukunci cewa bairos ya shiga kwamfutar. Zai goge manhajar Code::Blocks ya sake ɗora ta, ya aro laftof ɗin abokinsa, ya tsine wa wanda ya sayar masa da tasa. Ɗaga ido zuwa layi ɗaya a sama ne kawai ba zai yi ba.

Kusa da shi akwai Mai Firgita, wadda da zarar ta ga jan rubutu ya cika ƙasan allo sai ta yi salati ta goge aikin kaf. Alhali alamar { guda ɗaya da aka bari ba a rufe ba tana iya haifar da jerin ƙorafi, kuma da ta gyara na farko da sauran sun watse.

Sai Ɗan Gado. Wannan ya gaji takardun yayansa, yayan ma gadonsu ya yi, asalinsu kuwa tun zamanin Turbo C na kamfanin Borland. Komai nasa da void main yake farawa, ga clrscr, ga gets. Ka gaya masa kwamfailar GCC ba ta san clrscr ba, ka ƙara da cewa an cire gets daga ƙa'idar harshen tun 2011 saboda ba ta duba yawan abin da ake ɗura mata, sai ya dube ka a sheƙe ya ce, "Da wannan Yaya ya ci A."

Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Malam Babu Ja. A wurinsa, muddin kwamfaila ba ta yi ƙorafi ba, to aiki ya kammala, sai tafiya cin abinci. An ce ya rubuta manhajar da za ta duba ko ɗalibi ya samu maki 100, sai ya sa alamar = guda ɗaya inda ake buƙatar biyu. A harshen C, guda biyu tambaya ce, guda ɗaya kuwa kyauta ce. Saboda haka manhajarsa ba ta tambayi kowa makinsa ba, ta bi aji ta raba wa kowa 100, har da wanda bai shiga jarrabawa ba. Ya raba 5 da 2 ya samu 2, domin idan lambobin biyu cikakku ne, C yar da ragowar take yi ba tare da ta sanar da kowa ba. Ya buɗe ma'ajiyar jimla bai fara zuba mata sifili ba, sai ta kwaso duk tarkacen da ta tarar a ƙwaƙwalwar injin, aka wayi gari kuɗin biro uku ya haura miliyan. Ka nuna masa, ya ce, "To ai kwamfuta ce ta faɗa." C kamar direban tasha take: inda ka ce a sauke ka nan za ta sauke ka, ko da tsakiyar daji ne, ba ta tambayar ko ka san hanya.

Mai Zargin Maƙiya shi ne wanda ya manta alamar & a cikin scanf, ko ya ware gurbi 10 ya taɓa mai lamba 10, bai san daga sifili ake fara ƙirga ba, na ƙarshe 9 ne. C ba ta gadin iyaka, shi ya sa irin wannan kuskure kan yi shiru ranar Litinin, sai ranar Laraba a gaban malami manhajar ta faɗi warwas. Daga nan ba ka raba shi da cewa da sa hannu.

Mai Hoto ba ta da dogon labari. Ƙarfe biyun dare za ta ɗauki hoton allo a karkace, ta yanke daidai inda saƙon kuskuren yake, ta jefa a zauren WhatsApp na aji: "Don Allah a taimaka, ya ƙi yi."

Ɗan Kwafi kuwa ya canza sunayen ma'ajiyai tsaf, ya bar lambar rajistar mai aikin a saman shafi. Na zamani ChatGPT ya tambaya, ya kawo aiki ɗauke da malloc alhali aji bai wuce madauki ba. Tambaya ɗaya malami zai yi masa, ya hau duban silin.

Akwai wanda ake yi wa dariya amma ni ina girmama shi, wato Mai Shuka printf. Ko'ina ya dasa: "na zo nan", "nan ma na zo", "haba dai". Ba tsari ne mai kyan gani ba, kuma wani lokaci da "haba dai" ɗin zai miƙa aikin. Sai dai shi kaɗai ne a ɗakin ke bin sawun manhajarsa ya ga inda ta kauce, kuma yawanci shi ke fara tashi.

Malamai, don Allah ku ware darasi guda ku zaunar da yaran nan su karanta saƙon kuskure da babbar murya, layi bayan layi, daga na farko. Ku kuma tilasta musu kunna -Wall a GCC, domin da shi kwamfaila za ta gargaɗi Malam Babu Ja kan alamar = ɗinsa kafin ya raba wa aji maki.