Auren Kaka: Ina Ango Zai Kai Amarya Ta Huta?

Da zarar ruwa ya fara ɗaukewa, gero ya nuna, sai katin biki ya fara yawo a unguwarmu. Haka muka taso muka tarar: manomi ya kai amfani gida, ɗan kasuwa ya ga ciniki ya buɗe, sai a waiwayi yaran da aka sa wa rana. Ban da zancen lefe da na anko, akwai maganar da ta shigo majalisarmu ta ƙofar gida ta ƙi fita. Bayan taro ya watse, ina ango zai kai amaryarsa su huta kwana biyu, a tsakanin Satumba da Oktoba, ba tare da ya ci bashi ba?

Dattijon da ke zama da mu bayan isha'i shi ya fara cewa bai ga dalili ba. "A zamaninmu," in ji shi, "a kai amarya ɗakinta, a yi sayen baki, abokai su watse. Kwana bakwai nata ne in budurwa ce, uku in bazawara. Wane yawo kuma?"

Wani saurayi da bikinsa ya matso ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai kwana bakwan ne ba a samu yanzu. Gari na wayewa ƙannenta sun iso da abin kari. Kafin azahar 'yan ganin ɗaki sun cika falo. Da la'asar dangin ango ne, ga buɗar kai, ga masu kawo gara. Ita tana ta zuba dubulan a faranti, shi yana tsaye a ƙofar gida yana amsa Allah ya sanya alheri."

Baba ya yi shiru, ya gyaɗa kai, don shi ma ya aurar, ya ga hakan da idonsa.

Gaskiyar maganar ke nan. Mu mutane ne masu son taro, kuma zumunci abin alfahari ne. Amma a duba inda kuɗin bikinmu ke tafiya: kamu, sa lalle, yini, dina, hayar ɗakin taro, mai hoto, mai kwalliya, anko kala uku. Duk na jama'a ne. Mutum biyun da aka taru dominsu, waɗanda za su zauna har tsufa in Allah ya so, ba a ware musu ko sisi su zauna su san juna. Da za a soke dina kaɗai, abin da za ta ci ya ishe su kwana uku a wuri mai kyau, har da kuɗin mota.

Da an ce tafiyar amarci, sai hankalin samarinmu ya tafi Dubai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira a Yunin shekarar, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,000, kuma tikitin jirgi da masauki a can duk da dala ake lissafinsu. Ga shi a Satumba zafin Dubai kan kusa digiri 40, sai dai a wuni a cikin kanti. Mai hali ya kai matarsa Umra, wannan alheri ne babba, Allah ya karɓa. Wanda albashinsa ke ƙarewa kafin wata, shi ake ba shawarar daidai ruwa daidai tsaki. Kuma abin da muke mantawa shi ne, babu lokacin da ƙasarmu ta fi kyau kamar kaka. Daji kore shar, koguna a cike, ƙurar hunturu ba ta sauko ba, ga sabuwar masara da dafaffiyar gyaɗa a kowace tasha.

Direban unguwarmu, wanda ya daɗe yana bin hanyar Bauchi da Jos, shi ya karɓe zancen. Ya ce shi in an bar masa zaɓi, Yankari zai ce. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma daga garin Bauchi tafiyar wajen awa biyu ce. Amma ya faɗi gaskiya: wanda giwa da ɓauna suka kai shi, ya bari sai rani, lokacin da ciyawa ta bushe, namun daji suka taru a bakin kogin Gaji. A kaka ciyawa ta fi mutum tsawo, ga ruwa ko'ina, ganinsu sai an dace.

"To me za a je yi, Malam?" in ji saurayin.

"Wikki," in ji shi. Ruwa ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Garau yake, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi, bishiyoyi sun yi masa rumfa ta kowane gefe. A ƙarshen mako akan cika, amma ranar Talata ko Laraba da sassafe, amarya mai kunya za ta zauna a bakin ruwan ta tsoma ƙafa, ba idon kowa a kanta. Gargaɗinsa guda ne: a rufe ƙofa da taga, kada a riƙe leda a hannu, don gwaggon birin wurin ya saba da mutane, fizge abinci yake yi. A hanyar dawowa kuma a tsaya Bauchi a ci masa, wadda ba sai an yi mata talla ba.

Telan da ke kusa da mu, wanda ya yi zaman Jos, bai yarda an wuce garin ba. Ya ce a Oktoba, lokacin da Kano da Sakkwato ke fama da zafin kaka, Jos tana kan tudu mai tsawon mita 1,200 da wani abu, da daddare sai an ja bargo. Masauki akwai na kowane aljihu. Da safe a je gidan tarihi da aka buɗe a 1952, inda a gefensa aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya da jar ƙasa. Washegari a ɗauki mota zuwa duwatsun Riyom, a ga yadda Allah ya ɗora dutse kan dutse, a zarce Assop inda ruwa ke zubowa da ƙarfinsa a wannan lokaci. A shiga kasuwar Farin Gada a sayi dankalin Turawa da kabeji da karas na tsaraba, a sha gwaten acca da zafinsa. Ya ƙara da cewa a sauka a unguwar da aka sani, a tambayi mutanen gari kafin a fita bayan gari.

Akwai wanda ya ambaci Mambila, kowa ya yi ajiyar zuciya. Gembu, Nguroje, gonakin shayi na Kakara, shanu a kan koren tudu, hazo na ratsa gari da safe. A wannan yanki na Taraba ne dutsen Chappal Waddi yake, mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Sai dai daga Jalingo, ta Bali da Serti, wuni guda ne a mota, hawan kuma mai lanƙwasa ne, ruwan can bai cika ɗaukewa ba sai bayan Oktoba. Mai mako guda da mota lafiyayya ya gwada. Mai kwana uku ya ajiye ta sai an cika shekara.

Wanda ko Jos ɗin ta yi masa nisa, bai rasa ba. Bakano na da Tiga, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, wadda a kaka take cika maƙil. Na Abuja da Minna na da Gurara, wanda rugugin ruwansa a ƙarshen damina tun daga nesa ake ji. A tafi da safe da kular abinci da tabarma, a dawo kafin magariba, a kwana biyu a wani masauki mai tsabta a cikin gari. Wannan ma hutu ne.

Da zancen ya shiga cikin gida, mata suka sa masa sharaɗi. Wata gwaggo da ta aurar da 'ya'ya da jikoki ta ce ba ta hana ba, amma kada a ɗauke yarinya daren da aka kai ta. A bari a yi buɗar kai, a kawo gara, a je a gaida iyaye ɓangare biyu, a faɗa musu inda za a je da ranar dawowa, a nemi albarkarsu. "Kuma ɗan nan," ta ce wa saurayin, "ka tambaye ta. Wata ruwa take so, wata tsoronsa take ji. Kada ka yanke kai kaɗai." Guzuri kuwa yana cikin gara: a ɗebi nakiya da alkaki da dambun nama a roba, sun rage kuɗin abincin hanya. A sa gidan sauro a jaka, don ƙarshen damina ne zazzaɓi ya fi kama mutane. Mai zuwa Jos ko Mambila ya haɗa da rigar sanyi.

Maganar hanya kowa ya yarda da ita. A je tasha a tambayi direbobi halin da ake ciki a makon, a tashi bayan asuba, a isa da rana tsaka, ban da tafiyar dare ko da an makara. A kira masauki tun daga gida a ji farashi, a zaɓi tsakiyar mako. In an isa kuma a ajiye waya. Ba don a saka hoto a Facebook aka je ba. An je ne don ta san abin da ke ɓata masa rai, ya san abin da ke sa ta dariya, su yi maganar kuɗin cefane da ta dangi ba mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Iyayenmu, in an zauna lissafin bikin kakar nan, a rage shagali guda a ba yaran kuɗin a hannu. Kai kuma ango, kada ka ci bashi don a ce ka fita waje. Kwana uku a Bauchi ko Jos da kuɗin guminka sun wadatar. Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.