Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Ma'aunin Kwamfuta

Zuwa ga Malam Ma'auni,
mai ba kwamfutoci maki a cikin Windows.

Allah ya gafarta Malam, ƙorafi na kawo, ko da yake ina jin kafin in kai ƙarshen takardar nan rabinsa zai dawo kaina.

Ka san ni. Ni ne mai haɗa bidiyon biki da suna a ɗan shagon nan na bakin kasuwa, mai tsohuwar kwamfutar tebur da har yau take kan Windows 7, duk da an daina kula da shi tun Janairun 2020. Wata huɗu ina zubin adashi, ranar da na kwasa ban zarce ko'ina ba sai wurin masu kayan kwamfuta. Na sayo katin hoto mai fanka biyu, mai nauyi kamar tubali. Uwargida ta ce kuɗin nan da abinci aka saya da ya kai mu salla. Na ce ta yi haƙuri har ta ga maki.

Na kwance murfi, na hure ƙurar shekaru, na zura katin a raminsa har ya ce ƙas. Na jona masa wayar nan mai baki shida daga akwatin wuta, domin ramin ba ya ba da fiye da wat 75, katin kuwa ya fi haka ci. Na kunna, na garzayo wurinka. Me zan gani? Makin jiya, ko gezau. Sai wani ɗan rubutu a gefe wai ka lura an yi sabon baƙo, in ina so in sake jarrabawa. Malam, baƙo ya shigo gidanka da tsakar rana, ka gan shi, amma sai an roƙe ka kafin ka amsa sallama?

Na danna, ka fara. Allo ya yi ta ƙyaftawa, fanka tana kuka, ni kuma ina ƙirga mintoci. Ana gab da gamawa aka ɗauke wuta. Wannan ba laifinka ba ne, na yafe. Da aka dawo da ita muka sake, ka kuma ba ni makin jiya.

Yaron shagona, wanda bai fi shekara goma sha biyar ba, ya leƙa bayan kwamfutar ya ce, "Oga, ai wayar monita tana nan a tsohon wurinta." Ashe na bar ta a jikin madabod, ƙaramin katin hoton da ya zo da kwamfutar shi ke ta aiki, sabon kati yana zaune yana shan iskar fankarsa. Na sayi ingarma na ɗaure a turke, na hau jaki, ina zagin alƙalin sukuwa. Na ce wa yaron ai gwada shi nake yi.

Na mayar da wayar jikin katin. A nan ka yi mini abin da ba zan manta ba, ka ba ni 1.0. Ɗaya tak, Malam! Rubutu ya kumbura ya yi ɓaro-ɓaro, adon gilashin allon nan da ake kira Aero ya ɓace. Na zauna jagwab ina tunanin abin da zan faɗa a gida. Daga baya na gane kati ba ya aiki sai da direbansa, wato manhajar da ke koya wa Windows yadda zai yi magana da shi. In babu ita, sai a ɗora masa wani direban haya da ake kira Standard VGA, wanda bai san komai ba sai giya ɗaya. Na cire tsohon direba, na sauke sabo daga wurin masu katin, data ta tafi. Don kada ka riƙe tsohon zance a ranka, na shiga foldar DataStore inda kake ɓoye sakamakon baya na share, na rubuta maka winsat formal, ka fara daga fari.

Makin hoto da na wasanni suka haye 7. Na miƙe tsaye. Sai na ɗaga ido na ga babban makin da ka rubuta da manyan baƙaƙe: 5.9.

To, nan ne ainihin ƙorafina. Abu biyar kake jarrabawa: furosesa, RAM, hoton allo, hoton wasanni, da faifan ajiya. Malamin kirki zai tara ya raba. Kai kuwa sai ka nemi wanda ya fi kowa faɗuwa, ka manna makinsa a goshin kowa. Wace makaranta ce ake ba aji duka sakamakon na kashin baya? Faifaina irin mai juyawa ne, kuma kusan duk irinsa a 5.9 kake tsayar da su, ko yana juyi 7,200 a minti. Ka ga ko katin zinare na saka, lambar nan ba za ta motsa ba sai na sayo faifan SSD marar juyawa. Wani adashin ke nan.

Ga kuma rowarka. Da ka zo tare da Windows Vista a 2007, iyakar kyautarka 5.9. A Windows 7 na 2009 ka ɗaga zuwa 7.9, a Windows 8 na 2012 ka kai 9.9. Kullum da ɗigo tara a wutsiya, kamar ɗan tireda da ya rantse ba zai cika mudu ba. A 2013 da Windows 8.1 ya zo aka sauke allonka daga bakin ƙofa, mutane suka ce an yi maka ritaya. Amma na ji labari har a Windows 10 da 11 kana can ɗakin baya, wanda ya san sunanka ya kira sai ka amsa. Tsohon ma'aikaci dai, an ba shi takardar sallama ya ƙi miƙa makulli.

Sai dai laifi tudu ne. Da dare na kwanta ina juya maganar, na ga ba ka yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba. Waya ni na bari a gurbin da ba nata ba, direba ni na manta. Batun na kashin baya ma, ayari ba ya wuce saurin gurgun jakinsa, kuma kullum da safe ina ganin haka: kafin kwamfutar nan ta gama tashi na gama shan koko, katin hoto kuwa ba ruwansa da wannan.

Roƙona guda ne. In mutum ya zo maka da sabon kati, ka riƙa nuna masa layin hoto kafin babbar lamba, don kada hawan jini ya kama bayin Allah. Ku kuma 'yan'uwa masu shirin sayen kati, ku duba waya, ku duba direba, ku duba ƙarfin akwatin wuta, sannan ku auna da aikin da kuka saye shi dominsa. Bidiyon kamun amarya da a da yake tsalle-tsalle in ina yankawa, yanzu sumul yake tafiya, kuma mai biki ta karɓi aikinta kwana biyu kafin ranar alkawari. Ba ta tambaye ni maki nawa ka ba ni ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ka huta lafiya.

Naka,
Mai haɗa bidiyo na bakin kasuwa, wanda ya shiga sabon adashi.