Bayin Allah da Wat Biyar Ke Haɗa Ka da Su

Asabar da Lahadin ƙarshe na watan Nuwamba ranakun gasar CQ WW ne ta masu buga Mos a rediyo, gasar da ake yi tun 1948. Awa 48 cur ake kwashewa, ana farawa da ƙarfe ɗaya na daren Juma'a wayewar Asabar agogon Najeriya da Nijar. Zango shida, daga mita 160 har mita 10, duk sai su cika maƙil, babu masaka tsinke. Manya su shigo da wat 1,500, matsakaita su biyo da 100, mu kuma 'yan QRP mu lallaɓo daga baya da wat biyar. Mai wat biyar shi ke daɗewa a layi, wanda ya daɗe a layi kuwa babu halin da ba ya gani. Ga kaɗan daga cikin waɗanda muke kwana da su.

Na farko shi ne Alhaji Baki-Ba-Kunne. Yana da hasumiya, yana da eriya hawa-hawa, yana da amfilifaya mai ɗumama ɗaki. In ya buga CQ, kiran neman mai amsawa, allurar rediyonka sai ta haure S9 ta jingina da bango. Ya saita kwamfuta tana maimaita kiran da kanta, tazarar sauraron da ya bari kuma ba ta isa ka gama harafi uku ba. Ka kira, ya amsa maka da CQ. Ka sake, ya sake. Ba mugunta ba ce, eriyarsa ce ta juya maka ƙeya, ga hayaniyar unguwarsu ta toshe masa kunne. Maganinsa haƙuri. Ka bar shi sai Lahadi da yamma, lokacin da masu kiransa suka ƙare yana ta shela shi kaɗai. A sa'ar nan kunnen Alhaji ke buɗewa, ya ɗauke ka a kira ɗaya, har ya yi maka TU, wato godiya, da fara'a.

Sarkin Gudu ba ya sauka ƙasa da kalma 40 a minti, kuma ba hannunsa ke bugawa ba. Ka roƙe shi da QRS ya sassauta, ya rage maka kalma biyu, yana ganin ya yi sadaka. Ƙanensa shi ne wanda da ya ji lambar kira ta fara da 5N, alamar Najeriya, sai ya ɗauka rahoton 5NN aka soma ba shi, ya buga TU ya wuce, ya bar ka tsaye da sauran haruffanka a hannu.

Sai Boka. Shi harafi biyu kawai yake buƙata, sauran kuma ya duba. Kwamfutarsa na ɗauke da jerin lambobin da aka saba ji a gasa, da ya kama ɗan guntun lambarka cikin hayaniya sai ta jero masa masu kama da ita, ya zaɓi wadda ta kwanta masa a rai. Ka buga taka sau uku kana gyara masa, ya amsa da R, wai ya ji, ya sake maimaita tasa. Ya riga ya raɗa maka suna, ba ya warwarewa. Ranar da masu duba rajista suka zauna, in an yi sa'a shi kaɗai za a soke wa maki a ci shi tara. In ba a yi ba, kai ma a ce ba a gan ka a littafinsa ba.

Yanzu mu shigo gida, domin wanda ya fi kowa ɗaukar hankalina ɗan'uwanmu ne na jini, Malam Wutsiya. Shi ne mai liƙa /QRP a ƙarshen lambarsa duk sanda ya kira. Dokar gasa ba ta nema ba, ba ta ƙara wa kowa maki ko ɗaya a kai ba, abin da ake musaya rahoton 599 ne da lambar shiyya, shi ke nan. Amma Malam ba zai iya kwana duniya ba ta san cewa da ƙaramin ƙarfi ya zo ba. Abin dariyar shi ne siginar tana ɗaukewa tana dawowa, kuma kullum lambar ce ke nutsewa, wutsiyar ta taso. Can ɗaya gefen bawan Allah ya ji QRP raɗau, ya tambaya wane ne, Malam ya sake bugawa a hankali, lambar ta sake nutsewa, wutsiyar ta sake tasowa. Mutum hamsin na jira a baya suna cizon yatsa.

In Allah ya sa aka ɗauke shi, nan ne za a san an taɓo shi. Tashar da ke sallamar mutum sama da 200 a awa ita zai tsayar ya karanta mata tarihin kayansa: rediyon haɗin hannu ne, rabin wat, eriyar waya ce rataye a bishiya. Ya rufe da sallamar 72, don a wurin irinsa 73 ta masu almubazzaranci ce. Kafin ya gama, wancan ya sallami mutum huɗu a kansa bai ma sani ba.

A wajen gasa ya fi haka. Malam Wutsiya bai taɓa ganin gwangwani ya bar shi ba. Tun da ya ji labarin Tuna Tin 2, ƙaramin rediyon da Doug DeMaw ya haɗa a kan gwangwanin kifi ya buga bayaninsa a mujallar QST a 1976, iyalinsa ba su ƙara jefar da na sardin ba tare da izini ba. Ya san cewa wani limamin coci a Ingila, George Dobbs, shi ya kafa ƙungiyar G-QRP a 1974, kuma mujallarsu SPRAT tana jere a ɗakinsa, ba a taɓa ta da hannun miya. Yana da huɗuba guda ɗaya da ya haddace: tsakanin wat 100 da wat biyar desibel 13 ne kacal, wato maki biyu da ɗan ɗoriya a allurar S. Gaskiya ce, babu wanda ya musa. Sai dai ya faɗe ta a wurin suna, ya faɗe ta a wurin ɗaurin aure, an ce har a zaman makoki ya ja wani gefe ya zana masa a ƙasa.

Gaisuwarsa ita ce, "Ɗan'uwa, wat nawa kake?" Ka ce ɗari, ya dube ka da tausayi ya ce, "Allah ya shirya." Ka ce biyar kana jiran yabo, ya girgiza kai: "Biyar gaba ɗaya? Ina za ka kai su?" Shi ya sauka rabin wat tuni, yana farautar takardar yabo ta mil dubu a kan kowane wat da ƙungiyar QRP ARCI ta Amurka ke bayarwa. Duk tashar da ya samu sai ya ɗauko kalkuleta ya raba nisa da ƙarfi, ya zo maka da sakamakon yana murmushi.

Abin da ba ya shiga lissafin nasa shi ne mutumin da ke ɗaya gefen: hasumiyarsa, wayoyin sauraronsa masu tsawon ɗaruruwan mitoci, da AGN biyar na neman a maimaita da ya buga yana matse hedifon a kunne. Malam Wutsiya na yankinmu kuma yana da wani gata da ba ya son a ambata. A wannan gasa kowace ƙasa ninkin maki ce, haɗuwa tsakanin nahiya da nahiya kuma maki uku ce, shi ya sa Turawa ke kwasar kaya su tafi Maroko da tsibiran Kanari da Kef Bad. Lambar yankinmu da ta fara da 5N ko 5U ko TT ba kowace shekara ake jin ta da yawa ba, don haka mutumin Jamus ko Japan zai dakatar da komai ya tono ta ko daga ƙarƙashin ƙasa take. Malam ya ɗauka albarkar wayar da ke kan darbejiya ce. Kada dai a tambaye ni yadda aka yi na san huɗubar desibel 13 da ka. Gwangwanin da ke kan teburina na ajiyar ƙusoshi ne, wayar da ta fito daga cikinsa kuma ado ce.

Akwai wasu da ba su cancanci dogon bayani ba. Ɓoye-Suna yana ta sallamar mutane minti goma bai faɗi lambarsa ba, ka jure ka shiga layi, sa'ar da ya faɗa ka tarar tun jiya kun riga kun haɗu. Mai Sallamar Munafunci yana buga QRL?, wai yana tambaya ko da mai wurin, ya ɗora CQ a numfashi ɗaya, a daidai wurin da ka share rabin awa kana riƙe da shi. Mai Busa yana zuwa kan tashar da kowa ke nema ya danne mabugi yana saita amfilifaya, dogon "tiiii" babu suna babu sallama. Sai Ko-Ni-Ne: a ce mai 5N ya sake kira, shi da babu 5 babu N a lambarsa ya fi kowa saurin amsawa.

Ba duka ke cikin iska ba, wasu a cikin gida suke. Maƙwabcin da ke tayar da janareta a daidai lokacin da mita 40 ta buɗe ba ya ma san ya yi komai ba, da safe har tambayarka yake ko an tashi lafiya. Ƙanen maiɗaki kuwa sai ya jawo kujera ya zauna.

"Yaya, wai da wa kake magana?"

"Wani ne a Japan."

"Me ya ce?"

"599 25."

"Kai fa, me ka ce masa?"

"599 35."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya yi shiru, sannan ya sassauta murya: "Yaya, in data ce babu, ka faɗa a tura maka."

Ranar Litinin ta Mai Uzuri ce. Shi bai taɓa faɗuwa gasa ba, rana ce ke cin amanarsa. A 2019, da zagayen rana na shekara 11 ya kai ƙasa, ya ce babu tabo a fuskarta, manyan zanguna sun mutu. A 2024, da ta kai ƙololuwa mita 10 ta buɗe har ko'ina, ya ce cunkoso ya yi yawa, ƙaramin sigina ba ya samun wurin tsayawa. In duka biyun ba su yi ba, akwai batir, akwai iskar da ta karkatar da waya, akwai ƙanen maiɗaki. Wannan rukuni ba zan tsananta masa ba, akwai zumunci mai ƙarfi tsakaninmu.

Kafin in zo kan na ƙarshe, dole a cire hula ga Mai Kunne. Shi ne wanda ya ji ɗan motsi a ƙarƙashin masu ƙarfi goma, ya kama harafi biyu, ya ƙi sakinsu. Ya ce kowa ya dakata, ya tambaya, ya sake tambaya, har ya haɗa lambarka daidai, alhali a wannan minti ɗaya da ya sallami mutum uku. Ba ka san fuskarsa ba, shi ma ba zai tuna ka ba. Rabin makin kowane ɗan QRP na irin wannan mutum ne. Gasar Stew Perry ta mita 160 ta gane haka, shi ya sa take ƙara maki ga wanda ya yi wahalar jin mai ƙaramin ƙarfi.

Duk waɗanda na lissafa ina iya shan shayi da su. Wanda ba na iyawa da shi guda ɗaya ne: mai rubuta QRP a rajista alhali ya murɗa rediyonsa. Ya fara da biyar da gaske, ya kira tasha mai wuya sau shida ba a ji shi ba, ya waiga babu kowa a ɗakin, ya kai hannu ya mai da ita hamsin. "Wannan ɗaya kawai," in ji shi. Kafin asuba ɗayar ta zama ɗari. Daidai yake da mai azumin da ke haɗiye ruwa a wurin kurkurar baki, sannan da magariba ya riga kowa zama a gaban faranti yana cewa yau an sha rana.

Wannan ba abin dariya ba ne. Babu alƙalin da ke zaune kusa da kai yana duba allura, rukunin gaba ɗaya a kan amana aka gina shi. Wanda ya yi haka ya ci haƙƙin mutumin da ya share awa guda yana kiran tasha ɗaya da wat biyar na gaskiya, ya haƙura ya wuce ba tare da ita ba. Ya kuma ɓata ma'auni, domin sabon shiga zai ga makinsa a jadawali ya ɗauka abin da wat biyar ke yi ke nan, ya gwada ya kasa, ya zargi kansa ya ajiye mabugi. Sannan ya shafa wa masu gaskiya kashin kaji, har ta kai duk ɗan QRP da ya yi abin kirki sai an ɗaga masa gira. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Na'urorin Reverse Beacon Network suna sauraro dare da rana a nahiyoyi daban-daban, suna rubuta ƙarfin siginar duk wanda ya buga CQ, kowa kuma na iya dubawa a intanet. Mai wat biyar da kullum yake kafaɗa da kafaɗa da maƙwabcinsa mai kilowat, jama'a sun gan shi, kunya ce kawai ta hana su magana.

Rukuni uku aka tanada, kuma babu abin kunya a wat 100. Wanda ya san hannunsa ya kai ga maɓallin nan ko sau ɗaya ne, ya rubuta abin da ya yi kafin ya aika rajista, ya bar wa masu biyar rukuninsu.