Ijtihadin Mai Iyali

Sa'ad da Allah Ya azurta wani maƙwabcina da ɗa na biyar, sai ya yi ijtihadi, ya yanke hukuncin cewa maslahar iyali ba za ta tabbata ba sai da Porsche Cayenne ta hannu, 'yar Kwatano, wadda Jamusawa suka ƙera wa ma'abota gudu, alhali kuwa mazauninta biyar ne rak, mutanen gidan su bakwai. Tun daga ranar nan fetur ya zama farilla, ziyarar bakanike ta zama sunna mai ƙarfi, cefane kuwa ya koma mustahabbi. Yau motar tana i'itikafi ƙarƙashin darbejiya cikin haiba da kwarjini, yara kuwa a-daidaita-sahu ke kai su makaranta.