Tsoron Riba a Baki, Littafin Mai Shago a Cike

Da wuya a sami al'ummar da ta kai mu tsoron kuɗin ruwa. Saurari kowane shirin fatawa a rediyo, za ka ji bawan Allah ya bugo waya, murya na rawa, yana tambayar malam hukuncin 'yan nairorin da kamfanin waya ke zaftarewa idan an ranci kati, ko ladan da mai POS ke cira. Tambaya ce mai kyau, Allah ya saka. Abin da malam bai sani ba shi ne, wayar da aka kira shi da ita tun bara ba a gama biyan kuɗinta ba, kuma mai shagon unguwa ya riga ya buɗe wa mai tambayar shafi na uku a littafin bashi. Taƙawarmu a harkar kuɗi tana da zaɓe: hukuncin da zai hana banki cin namu mun haddace shi, wanda zai hana mu cin na maƙwabci kuwa sai mu ce sai an tambayi malamai.

Abin dariyar shi ne hukunce-hukuncen biyu maƙwabtan juna ne. Ayoyin da suka yi kaca-kaca da riba suna ƙarshen Suratul Baƙara, daga ta 275 zuwa ta 279. Taku kaɗan gaba, ta 282, ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan bashi take: a rubuta shi, a sa masa wa'adi, a kafa shaidu, babba ne ko ƙarami. Da alama muna kaiwa ta 279 aka kira salla, muka rufe Mus'hafi. Hadisai ma ba su rage komai ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa jan ƙafar mai hali wajen biya zalunci ne. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Akwai kuma gawar da Annabi (SAW) ya ƙi sallata har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biyan bashin da ake bin mamacin. In shahidi ma bai tsira ba, ina ga wanda ya mutu a kan katifar da bai biya ba? Wataƙila laifin karatun ne: an sauke Ahalari da Ishmawi, tsarki da salla sun zauna, amma kafin a iso babin ciniki a Risala ɗalibi ya buɗe shago a Kantin Kwari.

Ranar karɓar rance, mutum yakan zo da sallama mai tsawo da "wallahi ranar Juma'a", ba tare da ya faɗi ta wane wata ba. Daga nan sai al'amari ya juye. Mai kuɗi ne zai koma yin sintiri, ya gaida Alhaji, ya tambayi iyali da gajiya, ya yi ta murza hula, ya tashi bai iya furta abin da ya kawo shi ba. In ya yi ƙarfin hali ya tura saƙo a WhatsApp, zai ga an karanta, shiru, alhali minti biyar da suka wuce Alhaji ya ɗora wa'azi a kan tsoron Allah. In ya matsa, sai a ce an tura, netwok ne. In ya ƙara matsawa, sai babbar magana ta fito: "Don 'yan kuɗin nan kake neman ci min mutunci?" 'Yan kuɗin nan dai da aka kasa biya.

Za a ce ai jumhurun malamai sun tafi a kan rubuta bashi mustahabbi ne, kuma ayar da ta biyo bayan ta 282 ta yi sassauci idan an amince wa juna. Gaskiya ne, kuma abin sha'awa ne yadda mutumin da bai san farillan alwala ba yake zama faƙihi daidai wannan gaɓa. Sai dai ayar da ta sassauta rubutu ita ce ta ɗora wa wanda aka amince wa mayar da amana, kuma babu mazhabar da ta ce biya mustahabbi ne. Mai cewa "haba, tsakaninmu har sai an rubuta?" yawanci ya san dalilin da ya sa ba ya son biro. Za a kuma ce zamani ya yi tsanani. Wannan ma haka ne, kuma aya ta 280 ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin matsi, yafewa ma ta fi. Amma rangwamen na mai matsi ne. Wanda ya ƙara aure da Sha'aban, ya tafi Umara da azumi, ya ɗinka shadda kala uku da salla, matsinsa na son a duba shi da kyau. In bashin na hukuma ne kuwa, ko fatawa ba a nema. Rancen noma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, da yawa sun karɓe shi a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa.

Ga inda wasan ya daina ba da dariya. Duk wanda aka cinye wa kuɗi sau biyu ya koyi cewa "wallahi yanzu na fitar da su", ko da aljihunsa na kumbure. Rance na don Allah ya yi wuya a gari, sai mai buƙata ta gaskiya, wanda matarsa ke asibiti, ya koma wa manhajojin bashi na waya, masu ninka ruwa su kuma aika wa surukansa saƙon tonon asiri. Wato mai cin bashi, da duk tsoron ribar da yake ji, shi ne babban dillalinta a unguwa.

A wurin jana'iza ana shela cewa duk mai bin mamaci ya ga iyalansa, jama'a su sunkuyar da kai, mai shago ya ji nauyi ya ce ya yafe, zuciyarsa na lissafin buhun shinkafa. Malam mai karatu, kada ka jira wannan shelar. Lambar asusun mai shago tana nan manne a jikin kanta, kuma yau netwok lafiya lau yake.