Idon Kyamara da Duhun Zauren Biki

Idon kyamara tarin gilasai ne da aka jera cikin bututu domin su tattara haske su zuba shi a kan farantin da ke ɗaukar hoto. Da rana aikinsa ba ya wahalar da kowa, domin ranar Kano ko ta Maraɗi ta ishi kowane irin gilashi, har da na wayar da ta sha faɗuwa. Wahala tana farawa ne bayan magariba, kuma a lokacin ne ake yin yawancin abin da mutane suke so a ɗauka: kamu, dina, kai amarya, da walimar da aka rubuta ƙarfe huɗu a kati aka buɗe ta da addu'a ƙarfe tara. Da ana fara taro a kan lokaci, da rabin masu sayar da idanu masu tsada sun koma wata sana'ar.

Abin da ake fara dubawa a jikin ido shi ne faɗin ƙofar da haske yake shiga ta cikinta. Ana rubuta shi da harafin f da wata lamba, wadda ake samu idan an raba tsawon idon da faɗin ƙofar. Lissafin irin na gado ne: in magada sun yi yawa, rabon kowa sai ya ƙanƙance. Saboda haka f/16 'yar mitsitsiyar ƙofa ce, f/1.4 kuwa wagegiya. Matakan suna tafiya ne daga 1.4 zuwa 2, 2.8, 4, 5.6, 8, kuma kowane mataki yana zaftare rabin hasken da wanda ya gabace shi yake shigarwa. Wannan juyayyen lissafi ya sha jefa mutane cikin asara, musamman mai kuɗin da ya saba shiga shago ya ce a ba shi mai lamba mafi girma, ba tare da ya tambayi lambar mece ce ba.

Ƙananan kyamarori da yawa suna zuwa a kwali da ido mai zuƙowa daga milimita 18 zuwa 55, wanda ƙofarsa take tsakanin f/3.5 da f/5.6. Ma'ana, da zarar an zuƙo fuskar amarya, ƙofar ta tsuke zuwa 5.6, hoton ya koma duhu ko dishi-dishi. Maganin da masu sana'a suka daɗe da sani shi ne ido mai tsayayyen nisa na milimita 50 mai f/1.8. Yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan idan an zuƙo shi, kuma yana cikin mafi araha a kasuwa. Nikon ta fitar da samfurinta na G a 2011, Canon ta fitar da na STM a 2015, mai nauyin giram 160 kacal.

Aibinsa ɗaya ne, kuma ba a cikin gilashin yake ba. Ƙarami ne. A wajen biki ana auna ƙwarewar mai hoto da tsawon abin da ya rataya a wuya. Idan ya shigo da ɗan guntun ido, uwar amarya za ta dube shi sama da ƙasa ta tambayi 'yarta, “Wai wannan ne mai hoton? Ina kayan aikin nasa?” Shi ya sa akwai masu hoto da suke rataye doguwar nan mai milimita 70 zuwa 200 da f/2.8, wadda ta kai kusan kilo ɗaya da rabi, tun daga bakin ƙofa, su gaisa da iyaye da ita, a ba su kujera da lemo saboda ita, sannan su zaro guntun daga aljihu su yi aikin da shi. Doguwar kanta ido ce ta gaske, tana da amfani wajen ɗauko ango da amarya daga ƙarshen zaure ba tare da an taka ƙafar kowa ba. Sai dai rabin aikinta a nan na rawani ne.

Akwai kuma batun wuri. A kyamarori masu ƙaramin faranti, ido mai milimita 50 yana gani ne tamkar mai 80 a Canon, ko mai 75 a Nikon da Sony, wato sai mai hoto ya ja da baya sosai kafin mutum ya shiga gaba ɗaya. A ɗakin amarya babu baya. Gado ya cinye rabin ɗakin, kabad da jeren kwanuka sun cinye sauran, ƙawaye sun cike abin da ya rage. A irin wannan wuri mai milimita 35 ko 24 ya fi dacewa. Kamfanin Sigma ya fitar da wani mai zuƙowa daga 18 zuwa 35 a 2013, wanda ƙofarsa take tsayawa a f/1.8 ko an zuƙo, kuma don masu ƙaramin faranti aka yi shi.

Wagegiyar ƙofa ba kyauta take zuwa ba. Gwargwadon buɗe ta, gwargwadon ƙanƙancewar yankin da yake fita raɗau. A f/1.4, idan an matso kusa, ƙwayar ido za ta fita tar, kunne kuwa ya fara narkewa, bango ya zama hayaƙi. Wannan yana yi wa amarya kyau ƙwarai idan ita kaɗai ce. Amma amarya ba ta zama ita kaɗai fiye da ƙiftawar ido. Da mai magana ya ce dangin ango kawai, sai zaure ya taso: maƙwabta, abokan aiki, da wani bawan Allah da dangin ango suke zaton na amarya ne, dangin amarya suke zaton na ango ne. Sahu ya zama uku. Idan mai hoto ya bar ƙofa a f/1.8, sahun gaba ne kaɗai zai fita, kuma a sahun gaba masu ƙarfin kutse suke tsayawa. Gwaggon da ta sayi gado da katifa, wadda kunya da ciwon gwiwa suka bar ta a baya, sai ta fito a matsayin inuwa mai mayafi. Maganar ba za ta mutu ba har ranar suna. Hoton taro yana buƙatar f/4 ko f/5.6, sannan a biya hasken da aka rasa ta wata hanya. Dama yawancin idanu sun fi kaifi idan an ɗan tsuke su mataki ɗaya ko biyu daga iyakar buɗewarsu.

Hanyoyin biyan uku ne, kowace da harajinta. Ana iya rage saurin ƙiftawar kyamara, amma tsohuwar ƙa'ida ta ce kada a yi ƙasa da ɗaya bisa tsawon ido, wato 1/50 na daƙiƙa ga mai milimita 50, in ba haka ba rawar hannu za ta bayyana. Wasu idanu suna da na'urar kashe girgiza, wadda Canon ke kira IS, Nikon VR, Sony OSS. Tana maganin rawar hannun mai hoto, ba ta maganin rawar ƙawaye. Mai motsi sai an kai wajen 1/250 kafin ya tsaya cak. A nan ne kuma aka sami wuri guda da dishi-dishi yake da farin jini. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya sa liƙi da naira cikin laifuffuka, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma tun da aka ga an gurfanar da wasu a 2024, an sami alhazan da suke yi wa mai hoto raɗa cewa idan hannu bai fita sosai ba, babu komai.

Hanya ta biyu ita ce ɗaga ISO, wato ƙara wa faranti ji, abin da yake jawo yashi-yashi a hoto idan an wuce gona da iri. Ta uku ita ce fitilar kyamara. Idan aka harba ta kai tsaye, farar shadda mai maiƙo takan mayar da hasken gaba ɗaya, wasu nau'o'in hoda kuma su fito fari fat, a ga fuska daban wuya daban. Gwanaye sukan juya fitilar sama ta bugi farin silin ta dawo a tausashe, idan masu ado ba su riga sun lulluɓe silin da yadi ruwan goro ba, suka kuma kunna fitilu kore da shuɗi masu juyawa. Babu gilashin da aka ƙera don wannan.

Masu sha'awar ƙurewa sukan kawo labarin ido mai f/0.7 da kamfanin Zeiss na Jamus ya ƙera wa hukumar NASA ta Amurka a shekarun 1960, wanda darakta Stanley Kubrick ya yi amfani da shi ya ɗauki wasu sassan fim ɗin Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne sai da 'yan wasan suka takura motsinsu don kada su fice daga saiti. Kubrick yana biyan mutanensa, shi ya sa suka tsaya. Ita ma Nikon ta fitar da mai f/0.95 a 2019, nauyinsa kusan kilo biyu, kuma da hannu ake saita shi. Kafin a gama murɗawa an yanka kek, an ɗauke wuta, kuma mutum goma sun sha gaban mai hoto da wayoyinsu a sama.

Wajen saye, sai a tabbatar bakin idon ya dace da kyamarar, domin tun 2018 Canon ta ƙara bakin RF a kan EF, Nikon ta ƙara Z a kan F, kuma tsohon ido ba ya hawa sabuwa sai da mahaɗi. Idan na hannu ne, a haska tocila ta cikinsa a duba ƙura, karce, da fumfunar da danshin damina yake haifarwa. A gwada shi a lungu mafi duhu na shagon, ba a bakin ƙofa cikin rana ba inda mai sayarwa yake jan mutum. Bayan an saya, ƙurar hunturu da abin hura iska ake cire ta, ba da bakin riga ba.

Mai ƙaramin ƙarfi, ido mai milimita 35 ko 50 da f/1.8 da fitila guda sun ishe shi fara sana'a. Wanda aljihunsa ya yi nauyi ya ƙara da mai 24 zuwa 70 da f/2.8. Dukkansu kuma su karɓi rabin kuɗin aiki kafin ranar biki, domin bayan an kai amarya wayar babban abokin ango ba ta cika shiga ba.