Baƙin Allo a Zauren Surukai

Ana cikin cin tuwon suna a Bungudu surukina ya ce ya ji an daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kwamfutarsa 'yar gwanjo kuma ba ta iya ɗaukar Windows 11. Surukin kirki sunkuyar da kai yake yi ya ci gaba da loma. Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ai akwai Ubuntu, kyauta ne, kafin la'asar an gama." Har da ƙarin bayanin cewa wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, shi ya faro Linux a 1991. Ba wanda ya tambaye ni.

Filashin Ubuntu yana aljihuna tun daga Gusau. Na soka, na shiga BIOS, na kashe Secure Boot, na ce ta tashi daga filashi. Allon zaɓi na GRUB ya fito, na danna da yatsa ɗaya irin na masana.

Allo ya yi baƙi ƙirin.

Fanka na juyawa, 'yar fitila na ƙyaftawa, allon kuwa ya zama madubi. A ciki na ga fuskata, gumi yana bin hancina. Bayan fuskata ga hular Baba. Bayan hular Baba ga abokansa na sahun gaba a masallaci, sun miƙo wuya. Ba halin in waiwaya, ba halin in kalli gaba, duk su ne. Baba bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Carbi kawai ya ja, ya ce a hankali, "Malam, takardun fanshona suna ciki." Ni na san ba abin da ya taɓa su, tunda daga filashi take tashi, ba a rubuta komai a kanta ba tukuna. To amma wa zai faɗa wa dattijon da ke kallon duhu wannan magana? Idona da nasa suka haɗu a cikin allon. Har yau in na rufe ido sai in ga hular nan.

Na koma BIOS, wajen ƙwaƙwalwar hoto. Irin waɗannan na'urori ba su da tasu ta daban, daga RAM suke ara. Na tarar da 32MB, na mai da shi 64, na ƙara, na kai shi 512. Duhun dai bai ragu ba.

Nan wani direban layin Tsafe da ya zo suna ya kutso, yana suɗe hannu.

"Mi ya hwaru? Wagga na'ura ba ta sha mai ba ne?"

Na ce ba ta shan mai.

"To shi ya sa. A fid da ita rana ta ɗumama. Tawa in ta kwana cikin hunturu, sai an tura."

Ya tambayi inda filoginta suke. Ya ce a cire batir a goga a gashin kai. Ya kara kunne a jikinta, ya saurara, ya girgiza kai ya ce injin lafiya lau, matsalar daga direba take. Dattawa suka ce "Ƙwarai." Wallahi da ba kaina ake yi ba, da na biya kuɗi in saurare shi har magariba.

Can na tuna da nomodeset. A GRUB ake danna e, a nemi layin quiet splash, a ƙara kalmar a gabansa, wato a ce wa Linux kada ya taɓa saitin allo, ya bar shi yadda BIOS ya kunna shi. Na rubuta hannuna na rawa, na danna F10.

Kafin ta gama tunani, direba ya fizge ta, ya ɗaga sama, ya yi bismilla, ya hura mata iska ta ramin fanka, fuuu, ya ɗaka mata duka a gindi.

Allo ya kawo. Ubuntu, tas.

Zaure ya ɗauki kabbara. Baba ya laluba aljihu ya ba direba na goro, sannan ya juyo gare ni cikin tausayi ya ce, "Malam, ka riƙa zama kusa da su, ana ƙaruwa."

Jiya matata ta ce wayar Baba ta ƙi caji, an aika Tsafe a kira direban.